Wasiƙa Ga Marubuta Da Masu Sharhin Wasanni: Kafin A Kira Ɗan Wasa Malalaci

Zuwa ga marubuta labarin wasanni da masu sharhi a rediyo da talabijin,

Dalilin wannan wasiƙa kalma ce guda da ta bi ɗan ƙwallo Dele Alli har shekara uku, wato "malalaci".

A 2020 kamfanin Amazon ya fitar da wani shiri kan ƙungiyar Tottenham, inda aka ji koci José Mourinho yana cewa Alli malalaci ne a wajen atisaye. Kalmar ta yi wa masu sharhi daɗi, domin ta zo daidai lokacin da wasan yaron ya fara ja baya. Wannan fa shi ne wanda 'yan ƙwallon Ingila suka zaɓa gwarzon matasa sau biyu a jere, 2016 da 2017, wanda kuma ya jefa ƙwallo da ka a ragar Siwidin a Gasar Kofin Duniya ta 2018. Da ya koma Everton, aka ba da aronsa ga Besiktas ta Turkiyya, sai aka gama yanke hukunci. Daga jaridun Landan har bencin ƙarshe na gidajen kallon ƙwallo, magana ɗaya ce: ya ƙoshi, kuɗi sun lalata shi.

A watan Yulin 2023 Alli ya zauna gaban mai sharhi Gary Neville a wata hira, yana magana yana share hawaye. Ya ce yana ɗan shekara 6 ɗaya daga cikin masu yawan shiga gidansu ya yi lalata da shi. Mahaifiyarsa na fama da shan barasa. An tura shi Afirka don ya koyi ladabi, aka sake mayar da shi Ingila. Yana shekara 7 ya fara shan taba, yana 8 ya fara sayar da ƙwaya, saboda wani babba ya ce masa 'yan sanda ba sa tsayar da yaro a kan keke. Sai ya riƙa yawo a unguwa da ƙwallonsa, ƙwayoyin na ɓoye a ƙarƙashinta. Yana 11 wani mutum ya rataye shi ta gefen gada. Sai da ya kai 12 wani gida ya ɗauke shi riƙo. Da ya girma, ƙwayar barci ta kama shi, har ya yi mako shida a wata cibiyar jinya a Amurka.

Abubuwa biyu da ya faɗa a hirar sun shafi 'yan jarida kai tsaye. Na farko, ya ce Mourinho ya ba shi haƙuri bayan mako guda da ya ga yadda yake atisaye, amma ba a sa wannan a cikin shirin ba. Na biyu, ya ce ya fito ya yi magana tun bai shirya ba, domin jaridun tsegumi sun gano inda ya je jinya, suna ta buga wa mutanensa waya.

Mai sharhi yana da haƙƙin ya ce ɗan wasa bai yi gudu ba yau, ya yi ta ɓarar da ƙwallo, ya cancanci zaman benci. Wannan idonsa ya gani, aikinsa ke nan, kuma ba wanda ya ce ya sassauta. Amma lalaci da girman kai da rashin kishi hukunci ne a kan zuciya, ita kuwa ba a hango ta daga ɗakin sharhi. Wanda bai san yadda ɗan wasa ya kwana ba, ya tsaya ga abin da ya faru a fili.

Akwai kuskure na biyu, wanda ya fi kama da tausayi, shi ya sa ya fi saurin shigewa: mayar da ƙuruciyar ɗan wasa hajar sayarwa. A Satumbar 2019 jaridar The Sun ta buga a shafin farko wani bala'i da ya faɗa wa iyalin ɗan wasan kurket Ben Stokes a New Zealand tun kafin a haife shi. Wasiƙar nan ba za ta maimaita shi ba. Shekara biyu bayan haka jaridar ta nemi afuwa ta biya diyya, amma mahaifiyarsa ta riga ta ga ciwonta a rataye a kowane shagon jarida. Haka ɗan ƙwallo Victor Moses: an kashe iyayensa a rikicin Kaduna yana ɗan shekara 11, kuma da wuya a rubuta tarihinsa ba a buɗe da wannan ba. Maraici ba ado ba ne na kanun labari. Idan mai shi ya kawo zancen da kansa, a saurara da ladabi. Idan ya kau da kai, a koma kan ƙwallo.

Masu aiki da Hausa suna da wani nauyi na daban, domin baki ya saba jefa komai cikin kwando ɗaya: "ya haukace", "ya zautu", "kansa ya taɓu". Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallo 37 har da ta farko a Gasar Kofin Duniya a 1994, ya ƙare rayuwarsa a Ibadan jaridu na yayata irin waɗannan kalmomi a kansa, har ya rasu a watan Mayun 2012. Ciwon damuwa ciwo ne da ake magani, kamar hawan jini, kuma ya kamata a kira shi da sunansa. Golan Jamus Robert Enke ya yi shekaru yana ɓoye nasa, yana tsoron a ƙwace 'yar da suka ɗauka riƙo idan aka sani. Ya kashe kansa a Nuwambar 2009 yana da shekara 32. Duk yaron da ke wata makarantar koyon ƙwallo ya ji yadda rediyo ke kiran mai irin wannan ciwo, daga nan zai yanke ko ya faɗa wa wani ko ya haɗiye.

Ga kuma ranar kuskure. A 2010, a wasan Nijeriya da Girka, Sani Kaita ɗan Kano ya kai wa Torosidis na Girka shuri a bakin layi, Nijeriya na gaba da ci ɗaya da nema. Aka ɗaga masa jan kati, ya ja rigarsa ya rufe kansa ya fita, Nijeriya ta sha kashi 2 da 1. Kakakin tawagar ya ce saƙonnin barazanar kisa fiye da 1,000 aka aiko masa, yana ɗan shekara 24. Laifi ya yi, dole a faɗa. Sai dai mai riƙe da makirufo a irin wannan dare ya san jama'a a fusace suke, kuma kalmar da ya zaɓa ita za a kwana ana maimaitawa a majalisa.

Roƙon ba shi da yawa. Edita ya tambayi wakilinsa inda ya samo labarin jinyar ɗan wasa, da ko mai shi ya yarda. Idan an buga zagin koci, a buga ban haƙurinsa da girman rubutu ɗaya. Idan yaro bai kai 18 ba, a nemi izinin iyayensa kafin a kunna rikoda.

Allah Ya yi jagora, Ya sa albarka a alƙalami.

Wassalam.