Masu taɓin hankali a gida: nauyin da iyali ke ɗauka su kaɗai

A unguwanni da dama na Maraɗi, Damagaram ko Tawa, akwai gidan da maƙwabta suka san yana da ɗaki guda da ba a buɗewa baƙo. A ciki akwai ɗa ko ƙane, wani lokaci matar aure da ciwon ya kama bayan haihuwa. Ana miƙa tuwo ta ƙofa. In abin ya tsananta, a sa mari ko sarƙa, a ƙauye kuwa har yanzu ana jin labarin turu. Kowace ranar 10 ga watan Oktoba hukumomi na bikin ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya a Yamai, a yi jawabai, amma wannan ɗaki ba ya canzawa.

Bayanin da aka saba ji shi ne jahilci: wai mutane sun fi yarda da aljanu, iskoki da sammu a kan likita. Akwai ƙamshin gaskiya, domin mafi yawan iyalai da malam suke farawa, a yi ruƙiyya, a sha rubutu, wasu su bi ta wajen ƴan bori ko boka. Sai dai tsayawa a nan zalunci ne ga iyalan. Da yawansu sun je asibiti, har ma sun ga sauƙi. Abin da ya kayar da su shi ne ci gaba da maganin.

Cututtuka irin su sikizofireniya ba kamar masassarar cizon sauro ba ne, da za a sha magani kwana uku a miƙe. Ana shan ƙwayoyi irin haloperidol ko chlorpromazine watanni, sau da yawa shekaru, ko a yi allurar da ke aiki makonni a jiki. Magunguna ne tsofaffi, suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba su cikin masu tsada. Amma mai arha da ake saye kowane wata, a haɗa da kuɗin mota daga ƙauye zuwa babban gari, a haɗa da wanda zai bar gona ko shago ya yi rakiya, ya daina zama mai arha. Tsarin magani kyauta da Nijar ta kafa a 2006 ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa. Mai taɓin hankali ba ya ciki. Da ya lafa, ya fara barci yana gaisawa da mutane, sai a ce ya warke, a daina saye. Wani kuma shi ke ƙin sha, saboda maganin na sa jiki ya sandare, hannu na rawa, miyau na zuba, ba wanda ya gaya wa iyali cewa ana iya rage shi ko a ƙara wani da ke kwantar da hakan. Bayan ƴan watanni ciwon ya dawo, dangi su yanke hukunci cewa abin ba na asibiti ba ne.

Ga kuma nisa. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 25 tana da likitocin ƙwaƙwalwa ƴan kaɗan, akasarinsu a Yamai, inda sashen da kowa ya sani da Pavillon E yake, a babban asibitin ƙasa. A jihohi, ma'aikatan jinya da suka ƙware a fannin ne ke riƙe da aikin. Shi ya sa ga mutumin Maraɗi ko na Ƙonni, wani lokaci asibitin Dawanau a Kano ko na Kware kusa da Sakkwato ya fi kusa. Rufe iyaka da takunkumin da suka biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 sun toshe wannan hanya na tsawon watanni, sun kuma dagula shigowar magunguna da a da ke biyowa ta tashar Kwatano.

Tsallaka iyakar ma ba kullum asibiti take kaiwa ba. A 2019 ƴan sandan Najeriya sun buɗe wasu gidajen mari a Kaduna da Daura, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayensu ne suka kai da yawansu, suna biyan kuɗi, da niyyar gyara. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ta samu shaidar ɗaure masu irin wannan lalura a ƙasashe 60. Ɗauri cin zarafi ne, babu wata kwana. Amma uwar da ke tsoron ɗanta ya faɗa rijiya, ko yara su bi shi da jifa a kasuwa, tana buƙatar a nuna mata abin da za ta yi maimakon sarƙar, kuma wannan ne ba a kai mata ba tukuna.

A cikin gida, nauyin kan faɗa wa mace: uwa, mata ko yaya. Ita ce ba ta barci, ita ke wanki, ita ke shan duka in ya fusata. Ana ɓoye maganar don kada ƴan matan gidan su rasa manema. Idan saurayi ne, sai a ce tiramol ce ta jawo masa, a wanke hannu, alhali shaye-shaye kansa abin jinya ne, kuma wani lokaci ciwon ne ya riga ƙwayar zuwa.

Hanyar da ta fi dacewa da aljihun Nijar sananniya ce. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, na horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane waɗannan cututtuka su kuma bi marasa lafiya kusa da gida, an kuma yi irin wannan horo a ƙasar. Horon ba zai kai ko'ina ba in ma'aikacin CSI ya rubuta takardar magani amma kantar ba ta da shi, sai an aika birni. Malamai ma, da su ake fara zuwa wurinsu, ba a cika sa su cikin lissafi ba, alhali malamin da ya yi addu'a sannan ya ce a wuce likita na iya rage wa iyali shekara guda ta yawo.