Zuwa ga Masu Kula da Tukunyar Nukiliyar Zariya

Ya ku injiniyoyi da masu gyara na Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello.

Daga nan Kongo, inda jami'ar ke koyar da sha'anin gudanarwa, nake rubuto muku, domin tsaron tukunyar nukiliya ya rataya ne a kan yadda ake tafiyar da masu riƙe da sifana. Tukunyar NIRR-1 da ke hannunku ta fara aiki a 2004, a 2018 kuma aka sauya mata mai zuwa yuraniyom mai ƙarancin ƙarfi, aka mayar da tsohon man zuwa ƙasar Sin. Hukumar NNRA mai sa ido kan harkokin nukiliya na duba takardunku, haka ya kamata. Sai dai akwai abin da fayil ba ya nunawa: idan yaron aiki ya ga ɗigo a mahaɗar bututu, zai iya cewa "Ranka ya daɗe, a dakata" ba tare da gabansa ya faɗi ba? Da wannan za ku auna kanku.

Ku dubi tashar Davis-Besse a Ohio ta Amurka. An yi shekaru ruwa mai sinadarin boron yana yoyo a kan murfin tukunyar. Tsatsa na toshe matatan na'urorin auna iska, sai a cire a sa sabbi, gobe ma haka, har ido ya saba. Da aka tsayar da tashar aka duba a watan Maris na 2002, sinadarin ya cinye ƙarfe mai kaurin kusan santimita 15, saura wani siririn shafi da bai kai santimita 1 ba ke riƙe da ruwan. Ƙwararru ne ke wurin, kayan aiki ma akwai. Tsayar da aiki ne ke da tsada, shi ya sa kowa ya ɗauki alamar a matsayin abin yau da gobe.

Wani zai ce tukunyar Zariya ƴar ƙarama ce, kilowat 30 da ɗoriya, kuma ƙirarta na rage wa kanta ƙarfi in ta ɗau zafi. Gaskiya ne. Amma idan Nijeriya ta gina tashoshin da ake maganarsu a Geregu da Itu, daga hannunku za a ɗebi ma'aikata, kuma halin da mutum ya koya a ƙaramin ɗaki shi zai shiga da shi babba. Wani kuma zai ce kai rahoton kuskure tona asirin abokin aiki ne, ga kuma kunyar gyara wa na gaba. Wannan ya fi nauyi a wurinmu, kuma maganinsa na hannun manya. In shugaban sashe ya fara rubuta nasa kuskuren a littafin aiki, ya kuma gode wa wanda ya tsayar da shi a gaban jama'a, yara za su buɗe baki.

Don Allah, ku buɗe littafin rahotonku na bana. In babu ko ƙaramin kuskure ɗaya a ciki, ku tara ma'aikata ku tambaye su dalili.

Wassalam.