Ƙudan da ke damun mai shayi, a ƙarƙashin kejinmu aka haife shi

Maganar yau ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba, shi ya sa zan fara da kaina, kada wani ya ce gori na zo yi masa.

Ina da kaji masu ƙwai 600 a keji, nan bakin garin Gwarzo. Lokacin da na gina wajen gonaki ne kewaye da ni. Yanzu gari ya cim mini: gidaje gabas, gidaje kudu, mai shayi a bakin layi, wata baiwar Allah tana tuyar awara, da yamma kuma mai tsire ya kafa tukubarsa. Daminar bara, cikin watan Agusta, mai unguwa ya aiko a kira ni. Na tarar da mutum biyar a zaure. Mai shayin ne ya fara magana.

"Alhaji, wallahi ba don mutuncinka ba da tuni mun kira duba-gari. Gwangwanin madara ba ya minti ɗaya a buɗe. Jiya wani ya tsamo ƙuda biyu a kofi ɗaya, ya ajiye ya yi tafiyarsa."

Na ba su amsar da kowannenmu yake bayarwa: damina ce, ƙuda ko'ina akwai shi. Don in nuna ni mai kirki ne, sai na aika yaro ya sayo fiya-fiya na raba musu kwalba-kwalba. Ƙuda ya mutu kamar an watsa baƙin wake a ƙasa, kowa ya yi godiya. Kwana biyu ya dawo kamar ba a yi komai ba. A rana ta huɗu mai awara ta yayyafa maganin a gefen teburinta, ɗanta ɗan shekara uku ya yi wasa a wajen, ya sa hannu a baki. Miyau ya dinga zuba, ga amai, ga gumi, numfashi yana sarƙewa. Aka garzaya da shi asibiti. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya warke. Amma daren nan ban runtsa ba, don ni na sayi kwalbar, ni na miƙa mata da hannuna.

To ga ra'ayina, wanda ya ga ba haka ba ne ƙofa a buɗe take. Ƙudan da ke addabar gidaje da masu sayar da abinci kusa da gonakinmu ba a teburin mai shayi ake maganinsa ba. A inda yake ƙyanƙyasa ake maganinsa, kuma sau da yawa wurin nan ƙarƙashin kejinmu ne, ko tarin takin da muka jibge a bayan katanga.

Ku duba lissafin. Macen ƙuda tana zuba ƙwai kusan 100 zuwa 150 a zama ɗaya, kuma ba sau ɗaya take yi ba a rayuwarta. Ƙwan ba ya wuce kwana ɗaya ya fashe ya zama tsutsa. Tsutsar ta ci ta ƙoshi cikin 'yan kwanaki, ta rarrafa gefe inda ya ɗan bushe, ta daskare ta zama wani ɗan abu ja-ja mai kama da kashin ɓera. Daga ciki ƙuda yake fitowa. A zafi da laima irin na daminarmu, daga ƙwai zuwa ƙuda mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Ke nan wanda kake gani yana yawo a kan burodi, shi ne ƙaramin kaso. Rundunar tana cikin taki tana jiran ranarta. Ka fesa magani yau ka kashe na sama, gobe wasu su fito. Wannan shi ne abin da ya faru da kwalaben da na raba.

Ita kuma kaza mai ƙwai tana cin kusan giram 110 zuwa 120 na abinci a rana, ɗanyen kashin da take fitarwa ma kusan nauyinsa ke nan. Nawa 600 ɗin, wajen kilo 70 ne kullum, a mako ya doshi rabin tan. Kashi uku cikin huɗu na ɗanyen kashin kaza ruwa ne, kuma abin da tsutsa take so ke nan. Kashin da ya bushe har yana marmashewa a hannu ba ta iya rayuwa a cikinsa.

Da na dawo daga asibiti na ɗauki fitila na durƙusa na leƙa ƙarƙashin keji, abin da na yi wata da watanni ban yi ba, na bar wa yara. Bakunan shan ruwa guda tara suna ɗiga. Duk inda ɗigon yake sauka kashin ya zama kunu, ka sa sanda ka tona sai ka ga wajen yana motsi. Ta yamma feshin ruwan sama yana shigowa saboda rufin bai sauko sosai ba. A bayan katanga kuwa ga tarin taki na wata biyu, wanda na ƙi sayarwa ina jiran masu noman rani na wajen madatsar Guzuguzu a Kabo su fara nema, kuɗinsa ya tashi. Wato ribar da nake jira a kan buhun taki, mai shayi da mai awara ne suke biyanta da cinikinsu.

Abin da na yi ba wani abin mamaki ba ne. Na canza bakunan da ke ɗiga, na ƙara kwano a rufin, na buɗe gefen da na toshe da buhuna don iska ta ratsa. Na shimfiɗa ɓuntun shinkafa a ƙarƙashin keji. Kwashe kashi ya koma duk kwana huɗu, ba a kai mako, don a katse tsutsar kafin ta zama ƙuda. Tarin bayan katanga na sayar da shi a yadda aka taya, wanda ya rage muka lulluɓe da baƙar leda mai kauri, muka danne gefenta da ƙasa. Rana ta buga, cikinsa ya ɗau zafi, tsutsar ta mutu. Fasasshen ƙwai da abincin da ya zube ya jiƙe ba sa kwana. Wajen sati biyu ƙuda bai ragu yadda ido zai gani ba, har na fara tunanin wahalar banza nake yi. Ashe waɗanda suka riga suka fito ne suke ƙarasa kwanakinsu. A sati na uku mai shayi da kansa ya tare ni ya ce, "Alhaji, wane magani ka samo?"

Ban ce kada a taɓa magani ba. Akwai wanda aka yi don tsutsa, mai sinadarin cyromazine, ana zuba shi a inda ya jiƙe kawai. Akwai irin su Agita da ake kwaɓawa a shafa a jikin katako ko buhu, a rataye inda kaza da yaro ba sa kaiwa, ƙuda ya zo ya lasa ya mutu. Su ma in ka nace wa guda ɗaya shekara da shekaru, ƙudan yana sabawa da shi ya daina jinsa. Wani abin da da yawa ba mu sani ba: a cikin busasshen taki akwai ƙananan ƙwari da suke cinye ƙwai da tsutsar ƙuda. In ka bi takin gaba ɗaya da feshin guba, su ka fara kashewa, ka sallami masu gadinka da hannunka.

Amma fiya-fiya da Sniper kusa da abinci, wannan kam a'a. Sinadarin da ke cikinsu, dichlorvos, guba ce da ke shiga ta baki, ta hanci, har ta fata. Shi ne aka samu ya yi yawa a busasshen wakenmu har Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa a kasuwanni da kantuna barkatai, ta ce na aikin gona ne. Yau ku zaga tasha ku gani ko an daina. Na sha ganin mai busasshen kifi da ƙuda ko ɗaya ba ya sauka a kan tirensa, alhali na kusa da shi ya yi baƙi ƙirin. Da ina cewa wannan mai tsafta ne. Yanzu in na ga haka sai in tambaya me aka sa, in ban gamsu ba in wuce.

Masu kifi, kada ku ce maganar 'yan kaji ce. Tsadar abincin tarwaɗa ta sa da yawa sun koma haɗa tsutsa: kashin kaji, jinin kwata, dusa, a zuba a rami ko rabin duro a bar ƙuda ya yi ƙwai. Dabara ce mai kyau, tarwaɗa tana son tsutsa, ban musa ba. Matsalar ita ce a cikin gari ake yi, kuma ba a kwashewa duka. Ka ɗebi rabi ka ba kifi, rabin ya rarrafa ya shige ƙasa, bayan kwana biyar ya tashi ya nufi kicin ɗin maƙwabta. In za ka yi, ka yi a kan siminti ko cikin mazubi, ka kwashe kaf a kwana na uku ko na huɗu, ragowar ka shanya a rana ko ka binne. Wanda yake da hali ya nemi irin baƙin ƙudan nan da ake kira ƙudan soja. Shi babbansa ba ya bin abincin mutane, tsutsarsa ta fi girma, kuma inda ta yi yawa ƙudan gida ba ya samun wurin hayayyafa. Sai ɗabi'ar jefa matacciyar kaza ko kayan ciki a tafkin kifi a bar su suna yawo a saman ruwa, da sakin ruwan tanki a layi ya kwanta ya yi wari. Koren ƙudan nan mai ƙyalli da ke sauka a kan naman mahauta, irin waɗannan wuraren yake so.

Na san abin da wasu za su ce, don ni ma na faɗa: mu muka riga su zuwa, su suka biyo mu da gini. Gaskiya ne. Amma ƙuda bai san takardar fili ba, yana iya yin tafiyar kilomita ɗaya ko biyu in ya ji warin abinci. Kuma ranar da unguwa ta haɗa kai ta kai ƙara, ba wanda zai tambayi wa ya riga wa, gonar za a ce a tayar. Wasu kuma za su ce ai ba mu kaɗai ba ne, ga masai a buɗe, ga bola, ga kwata, ga lambatu a toshe. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne abin tsoron. Ƙudan da ya tashi daga gonata shi ne zai biya ta masai ya sauka a kan fura. Yana ɗaukar ƙazanta a ƙafafunsa, yana amayo abin da ya ci a kan abinci kafin ya tsotsa. Atuni, taifod, gudawar yara, duk yana da hannu wajen yaɗa su. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum dubu 100 a ƙasar nan, sama da dubu 3 suka rasu, Kano tana cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Gurɓataccen ruwa ne babbar hanyarta, amma ba na son a irin wannan shekarar a ce gonata ce take ƙara wa unguwa ƙuda.

Ko don kanmu ma ya kamata mu damu. Ƙuda yana ɗauke da wata tsutsar ciki da kaza take kamuwa da ita in ta cafke shi ta haɗiye. Yana yawo daga wannan gona zuwa waccan da ƙwayar cuta a jikinsa, kai kana can kana fama da ruwan tsoma ƙafa a bakin ƙofa. Ga ɗige-ɗigen kashinsa a jikin ƙwai, mai saye ya ɗaga kiret ya ce tsohon ƙwai ne, ya rage kuɗi.

Su ma masu abinci da matan gida akwai nasu, ban wanke su ba. Akwatin raga ko na gilashi a kan tsire da awara, murfi a kan ƙwaryar fura da nono, kwandon shara mai marfi da ake zubarwa kullum, ruwan wanke-wanke kada ya kwanta a gindin tebur. Na yi wa mai shayinmu tarko da robar ruwa: a yanke samanta a kifa shi ciki kamar mazurari, a zuba ruwan sukari da ɗan kan kifi. Kuskuren da ya fara yi shi ne ajiye ta a kan teburin, sai ta zama gayyata. Nesa ake kai ta, taku goma sha biyar ko ashirin, ta janye ƙudan daga wajen abinci. Duk wannan ragewa yake yi. In gonar da ke bayansu tana ƙyanƙyasa dubbai kullum, ko raga nawa suka sa sai ya shiga.

Shi ya sa tsaftar ƙarshen wata da ake yi ranar Asabar, da amfaninta, amma ba ta isa ga ƙuda ba. Abin da yake kammala rayuwarsa a kwana 7 zuwa 10, kafin wata ya zagayo ya yi zuriya uku. Duba-gari ma in sun zo gona, maimakon tsayawa a bakin ƙofa, su durƙusa su leƙa ƙarƙashin keji, su zaga bayan katanga. Na yarda a fara da tawa.

Yanzu ina manna farin kati kamar tafin hannu a wurare huɗu cikin ɗakin kaji, duk Juma'a in cire in ƙirga ɗigon ƙuda a kai. In ya haura 100 a kati ɗaya, na san wani wuri yana yoyo, tun kafin mai unguwa ya aiko. Abin da ya rage mini shi ne inda za a kai taki da damina, lokacin da manoma ba sa ɗauka sosai. Mu huɗu a nan Gwarzo mun fara maganar haɗa kuɗi mu kama fili a wajen gari, mu yi rumfa, mota ta riƙa zagayawa sau biyu a mako. Mutanen Getso, Kutama, Garo da cikin Kabo, duk wanda yake so a sa da shi ya yi magana kafin ruwa ya sauka, don kuɗin motar ya fi ƙarfin mutum huɗu.