Daga Agye Zuwa Gidan Rumji: Aji Mai Ƙofa Ɗaya Tarko Ne

Duk shekara, da zarar an gama girbin gero an kai dammuna rumbu, iyayen yara a ƙauyukan Agye da Gazawa da Gidan Rumji sukan shiga wani aikin gayya wanda babu shi a kasafin kuɗin gwamnati: a kafa dirkoki, a shimfiɗa kara a sama, a kewaye da zana, shi ke nan an samu aji. A cikin wannan rumfa yara za su zauna tun daga farkon hunturu har zafin bazara, wato daidai lokacin da kara ya bushe ƙayau, iska kuma take kaɗawa ba dare ba rana. Galibi baki guda gare ta, ta nan ake shiga, ta nan ake fita. Gundumomin nan uku na jahar Maraɗi, bisa ƙidayar 2012, mutanensu sun haura dubu 900, kuma mafi yawansu yara ne. Tambayar da ya kamata a ce an daɗe da amsa ta ita ce: in wuta ta tashi, ta ina yaron zai fita?

An riga an ga abin da rashin amsar ke haifarwa. Ranar Talata 13 ga Afrilu 2021, a unguwar Pays-Bas ta birnin Yamai, gobara ta cinye azuzuwan kara 21, yara 20 suka rasu, akasarinsu ƴan ajin renon yara. Ƙungiyar malamai ta bayyana a lokacin cewa wutar ta tashi ne daga wajen ƙofar makarantar, kuma da yake babu wata mafita, sai da manyan ɗalibai suka haura katanga. Ƙananan da ba su iya hawa ba su ne suka tsaya. Ba a yi wata bakwai ba, ranar Litinin 8 ga Nuwamba 2021, abin ya iso gida: azuzuwan kara uku na makarantar AFN a birnin Maraɗi suka kama, yara aƙalla 25 suka riga mu gidan gaskiya. Aka yi zaman makoki na kwana uku a jahar. Majalisar ministoci ta hana azuzuwan kara a matakin renon yara a duk faɗin ƙasa, ta bar na firamare yadda suke, sai ka ce wuta tana tambayar yaro ajinsa kafin ta taɓa shi. Shugaban ƙasa na lokacin, Mohamed Bazoum, ya yi alkawarin maye gurbin azuzuwan kara dubu 36 da na gini. An kifar da gwamnatinsa a watan Yulin 2023, amma bashin alkawarin yana kan ƙasa, kuma duk wanda ke kan kujera shi ne mai biya.

In ana zancen naʼurorin tsira daga gobara, hankalin masu ilimin boko yakan tafi ga abin da suka gani a littattafai da majigi, kuma lalle Turawa sun yi ƙoƙari a wannan fanni. A birnin Landan, daga 1836, wata ƙungiya mai rajin ceton rai daga wuta ta riƙa girka dogayen tsanuka masu ƙafafun amalanke a kusurwoyin tituna da dare. A ƙarƙashin kowane tsani akwai zurari na tamfol wanda mutum ke shiga ya sulalo ƙasa. Daga baya aka manna matakalan ƙarfe a bayan gidajen benen Amurka. Aka kuma ƙero igiya mai birki: mutum ya ɗaura ɗamara a ƙirji ya fita ta taga, igiyar tana warwarewa daga wani faifai mai ƙarafa a ciki waɗanda ke buɗewa suna gogar bangon faifan in juyin ya yi sauri, don haka ƙato da ƙanƙane duk da sannu suke sauka. Dabara ce mai ban shaʼawa. Sai dai an yi ta ne domin wanda wuta ta rutsa da shi a hawa na shida, kuma mai neman hawa na shida a Gangara ko Cadakori zai sha tafiya.

Ko a can inda benayen suke, tarihi ya nuna cewa matakala ba ta ceton wanda ƙofa ta hana shi isa gare ta. A masanaʼantar ɗinkin tufafi ta Triangle a birnin Niyok, ranar 25 ga Maris 1911, maʼaikata 146 suka mutu, mafi yawansu ƴan mata. An kulle wata ƙofar fita, matakalar ƙarfen da ke waje kuwa ta lanƙwashe ta rufta da waɗanda ke kanta. Kafin wannan, a garin Sunderland na Ingila, ranar 16 ga Yuni 1883, yara 183 suka hallaka a zauren Victoria ba tare da ko tartsatsin wuta ba: sun rugo ne zuwa rabon kyaututtuka suka tarar da ƙofa mai buɗewa ciki, an sa mata sakata an bar ratar da mutum ɗaya kaɗai ke wucewa, na baya suka danne na gaba. A gidan wasan Iroquois na Shikago, ranar 30 ga Disamba 1903, wuta ta kashe mutane kusan 600, da yawansu a bakin ƙofofin da suka kasa buɗewa. Daga masifun Sunderland da Shikago ne aka fito da naʼurar da ta fi dacewa da Agye da Gazawa da Gidan Rumji, kuma ita ce mafi araha a cikinsu duka: sandar turawa, wadda kamfanin Von Duprin ya fara sayarwa a Amurka a 1908.

Yadda take aiki ba wani asiri ba ne. Sandar ƙarfe ce kwance a jikin ƙyaure ta ciki, haɗe da harshen sakata. Duk abin da ya danna ta, hannu ne ko kafaɗa ko ƙirjin yaron da aka turo daga baya, sai ta janye harshen, ƙyauren ya buɗe waje. Hikimar tana nan: turereniyar da ke toshe ƙofa mai buɗewa ciki ita ce ke buɗe wannan. Ba a bukatar mabuɗi, ba a bukatar haske, ba a bukatar wanda ya firgita ya tuna komai. Daga waje kuma a rufe take gam. Wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu walda a Cadawa ko Tibiri ya ga yadda suke ƙera amalanke da garma da ƙyauren shago, ya san cewa wannan ba ta fi ƙarfinsu ba, in aka ba su samfuri guda aka gwada abin da suka ƙera. Abin da kawai za a kula da shi shi ne tsayi: a makarantar ƙananan yara dole sandar ta sauko daidai ƙirjin mai shekara 6.

Masu cewa maganin gobarar makarantu shi ne a rabu da kara a koma siminti sun faɗi rabin gaskiya. Siminti ba ya ci kamar kara, amma yana tsare hayaƙi, kuma hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. Ajin gini mai ƙofa ɗaya ta ƙarfe da tagogin da aka yi wa walda da sanduna saboda ɓarayi, in tabarmi da tebura da silin suka kama, ya fi rumfar kara wuyar fita, domin ita rumfa babban mutum yana iya keta zana ya wuce. Abin ya fi muni inda ake kwana. A makarantar Kyanguli ta ƙasar Kenya, a watan Maris 2001, ɗalibai 67 suka mutu a ɗakin kwanan da aka garƙame ƙofarsa ɗaya da kwaɗo, tagoginsa kuma duk sanduna. A nan kusa, a Ƙauran Namoda ta jahar Zamfara, almajirai 17 suka ƙone cikin dare a watan Fabrairun 2025. Makarantun allo da ɗakunan kwanan ɗalibai ba baƙi ba ne a ƙasar Katsina da Gobir, kuma duk mai kula da yara yana da dalilinsa na kulle su da dare. Dalilin ba na banza ba ne: akwai ɓarayi, akwai yara masu yawon dare. Sandar turawa ta raba wannan gardama, tunda tana hana na waje shiga ba tare da ta hana na ciki fita ba. Haka ma sandunan taga: a yi wa taga ɗaya a kowane ɗaki raga mai ƙyaure wadda ake zare sakatarta daga ciki.

Abin mamaki, manyan maʼaikatan da ke rattaba hannu a kan takardun kwangila yawancinsu da Faransanci suka yi karatu, kuma sun fi kowa son kawo misali da dokokin Faransa in zancen haraji ko ƙaʼidar ofis ya taso. To ga wata dokar Faransa da ta cancanci a kwaikwaya. Bayan gobarar makarantar Pailleron ta birnin Paris, ranar 6 ga Fabrairu 1973, wadda ta ci rai 20, 16 daga ciki yara, ƙasar ta tsananta ƙaʼidojin gine-ginen jamaʼa. Ƙaʼidar 25 ga Yuni 1980 ta ce ɗakin da ke ɗaukar mutum 20 zuwa sama sai da mafita biyu, kuma in sun haura 50 dole ƙofa ta buɗe ta inda ake fita. A ɗauki wannan maʼauni a zagaya makarantun da ke kan babbar hanya daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, inda aji mai yara 50 ba abin ba da labari ba ne, a ƙirga nawa za su tsallake.

Me ya sa ba a yi? Kuɗin ƙyaure na biyu ba komai ba ne a kan kuɗin aji sukutum. Matsalar ita ce ƙofar baya ba ta da bikin buɗewa. Motar kashe gobara in aka samo ta kyauta, gwamna zai zo, makaɗa za su zo, a yanke ƙyalle a gaban talabijin. Motar tana da amfaninta, kuma jaruntakar ƴan kwana-kwana ba abin rainawa ba ce. Amma rumfar kara mintoci kaɗan take ɗauka ta zama toka, motar da ta taso daga Maraɗi zuwa Agye kuwa tana da tafiyar kusan kilomita 80. Ko an buga lamba 18 tun tashin hayaƙin farko, yaran da za su tsira sun tsira da ƙafafunsu kafin direba ya bar gari.

Saboda haka aikin yana kan teburin masu rubuta sharuɗɗan kwangila a maʼaikatar ilimi da ofisoshinta na jaha, da masu riƙe da ragamar ƙananan hukumomi, zaɓaɓɓu ne ko naɗaɗɗu. Layi biyu sun isa: kowane sabon aji ƙofa biyu, nesa da juna, masu buɗewa waje, kowane ɗakin kwana sandar turawa. Ɗan kwangilar da bai cika ba kada a karɓi aikinsa, kada a biya shi ragowar kuɗinsa. Masu ba da agaji daga waje da ke gina azuzuwa su ma a ɗaure su da sharaɗin, domin kyauta ba ta zama hujjar gina tarko ba.

Rumfunan kara kuwa, tunda ba gobe za su ƙare ba, gyaransu ba ya jiran ko dala daga Yamai. Kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da COGES, shi ke tara iyaye a kafa su, shi ne kuma zai iya cewa a bar baki biyu, a rataya zanar baya da igiya mai saurin tsinkewa maimakon a ɗaure ta da waya, a bar tazara mai faɗi tsakanin rumfa da rumfa don kada ɗaya ta miƙa wa ƴar uwarta wuta, a nisanta murhun masu tuyar ƙosai, a kuma fasa katangar makaranta a yi mata ƙofa ta biyu. Sai malami ya ware ƴan mintoci sau ɗaya a wata ya buga ƙarfe, yara su fita a jere ta bakin da ba su saba ba, har ƙafafunsu su haddace hanyar. Sufetocin makarantu na Agye da Gazawa da Gidan Rumji suna da ikon sa wannan cikin abin da suke dubawa a rangadinsu, kuma lokacin yin sa shi ne ranar da ake kafa dirkoki, tun ba a ɗaure zanar baya ba.