Kaza lafiya ƙalau, me ya haɗa ta da magani?

'Yan uwa, mu daina kiran wannan ɗabi'a riga-kafi. Tun kaza tana 'yar tsako ake zuba mata maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha don ta yi saurin girma. Raunanan ƙwayoyi su mutu, masu taurin kai su hayayyafa, su biyo nama da kashin kajin da ake zuba wa lambu har cikin hanjinmu. Ranar da yaro ya kwanta, magani ya ƙi ci.

Masu kiwo suna kukan asara. To, Tarayyar Turai ta haramta hakan tun 2006, kuma kiwon kaji bai mutu ba. Sin ta gano ƙwayoyin da kolistin ba ya kashewa a 2015, ta cire shi daga abincin dabbobi a 2017. Binciken mujallar Lancet ya nuna cututtuka masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma abin ya fi yi wa illa.

Riga-kafi shi ne tsaftar keji da allura a kan lokaci. Magani kuwa sai kaza ta kamu, da sa hannun likitan dabbobi. Mu fara tambayar mai kaji kafin ciniki.