'Yan Kasuwar Tasawa Da Mayahi, A Kwafi Faifan Garmaho Kafin Ya Bar Gida

Yau maganarmu a kan wata haja ce da take kwance a gidaje da dama na Tasawa da Mayahi, babu mai tayawa, babu mai waiwayarta, ga ta kuma tana lalacewa kullum ta Allah. Faya-fayan garmaho muke nufi, baƙaƙen nan masu huda a tsakiya, waɗanda iyaye da kakanni suka sawo da kuɗin gyaɗa.

Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya ji labarin zamanin gyaɗa, tun daga shekarun 1950 har zuwa farin 1973 da 1974 da ya karya ta. A lokacin nan ɗan kasuwa idan ya je Kano ko Katsina ya ga riba, cikin tsarabar da yake komowa da ita har da akwatin garmaho da faifai biyu ko uku. Kamfanin EMI ya buga faya-fayan Alhaji Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos, kuma hanyar fatauci ce ta kawo su nan. Ranar suna ko biki sai a fito da akwati ƙofar gida, unguwa ta taru. Da kaset ya shigo aka tura garmaho ƙarƙashin gado, da salula ta shigo shi ma kaset ɗin ya bi sahu.

Mu da muke aikin rediyo mun san irin asarar da ake tafkawa. Sau da yawa a filin zaɓen masu saurare wata dattijuwa takan aiko daga Kanambakashe ko Maijirgi tana son wata tsohuwar waƙa, sai mu tarar abin da yake yawo a gari kwafin kwafi ne, an ɗauko daga kaset zuwa kaset, daga nan zuwa salula, an gutsure farko, ganga ta dushe, babu sunan mawaƙi balle shekara. Alhali mai yiwuwa asalin faifan yana cikin adakar wani gida a bayan kasuwa. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Sa'adu Bori na Maraɗi a 2008, Ɗan Maraya a 2015. Babu ɗayansu da zai sake tsayawa gaban makirfo. Abin da aka ɗauka tun suna raye shi kaɗai ya rage.

Sunan faifan garmaho ɗaya da faifan da matan Gulbin Kaba suke saƙawa, amma na kaba idan ya tsufa a saƙa wani, wannan kuwa idan ya fashe shi ke nan. Kuma maƙiyansa suna da yawa. Tsofaffin masu juyi 78 a minti da ƙaro ake yin su, suna da nauyi, suna fashewa kamar tangaram. Masu juyi 33 da 45, waɗanda suka fara fitowa a Amurka a 1948 da 1949, na roba ne, kuma roba ba ta shiri da zafin watan Afrilu da Mayu da yake haura digiri 40 a ɗakin kwano: sai faifai ya lanƙwashe ya zama kamar ganyen kabewa. Ƙurar hunturu tana cika layukan da murya take ciki, gara tana cinye kwalin da aka rubuta suna, yara kuma suna gara shi a tsakar gida.

Akwai kuma mai zuwa da kuɗi a hannu. 'Yan gwangwan suna sayen akwatin garmaho a matsayin tsohon ƙarfe. Sannan a ƙasashen Turawa faifai ya sake yin kasuwa, domin a 2022 yawan faya-fayan da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987. Masu farautar tsofaffin faya-fayan Afirka sun daɗe suna zagaya Legas da Kwatano da Akara da Bamako. Ranar da dillalinsu ya yi sallama ya taya jika ɗaya ko biyu, uwar gida za ta ga kamar tsuntsu daga sama gasasshe. Ba mu ce kada a sayar ba, mai kaya shi ke da ikon kayansa. Abin da muke cewa shi ne: a kwafa tukuna, a rubuta suna, sannan a yi ciniki.

To yaya ake kwafar? Aikin bai fi ƙarfin yaran da suke tura waƙa a kati a bakin kasuwa ba. Ana bukatar injin juya faifai na zamani, da kwamfuta. Akwai injin da yake zuwa da wayar USB, a soka kai tsaye. Idan tsohon inji ne, sai an bi da sautin ta wata 'yar na'urar ƙara ƙarfi da ake yi musamman domin faifai, in ba haka ba murya za ta fito siririya kamar ta sauro. Manhajar ɗaukar sauti mai suna Audacity kyauta ce, ba a biyan ko dala.

Kafin a ɗora faifai sai an wanke shi da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulu mai laushi, a goge da tattausan ƙyalle ana bin layi a kewaye, a kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe, a bar shi ya bushe a inuwa. Kada a kusanto da alkol wajen mai juyi 78, narkar da shi yake yi. Allura kuma ita ce ran aikin. Ta ƙarfe irin ta tsohon garmaho mai wani da hannu, idan aka ɗora ta a kan faifan roba, sau ɗaya ya isa ta kashe shi. Shi kuwa mai juyi 78 layukansa sun fi faɗi, yana da tasa allurar daban, kuma ba kowane inji ne yake kai wannan gudun ba, don haka a tambaya kafin a saya. A lura da wuta: janareto mai hawa da sauka yana iya sa inji ya riƙa jan murya, gara batir mai cike da hasken rana.

Aikin yana son haƙuri, domin ba a gaggauta shi. Babban faifai kowane gefe kimanin minti 20 ne, sai an zauna an saurare shi daga farko har ƙarshe. A ajiye kwafi iri biyu. Na farko cikakke, wanda ake kira WAV, yana cin kimanin mega 10 a minti, wato faifai guda mega 400: wannan shi ne iri, ba a taɓa shi. Na biyu MP3, mai cin kimanin mega 1 a minti, shi ne na turawa a salula. Kati mai giga 8 zai ɗauki faifai wajen 20 cikakku, ko kusan 200 na MP3. Amma kati ɗaya ba ajiya ba ne, domin kowa ya san yadda yake mutuwa ba sallama. A raba kwafi wuri uku, gida da shago da gidan rediyon gari.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne suna. Mai sayar da atamfa ta san turmin da aka yanke wa baki ya rasa kuɗinsa, ko da kuwa na asali ne. Haka waƙa take. A ɗauki hoton kwali da takardar tsakiya gaba da baya, a rubuta mawaƙi da kamfani da lambar faifai da gidan da aka samo shi. A kuma zauna da tsofaffi tun suna nan, su faɗi wa aka yi wa waƙar, wane sarki ne, wane ɗan kasuwa ne, wace shekara ce. Wannan bayanin babu shi a kwamfutar kowa, yana bakin kaka.

Wani zai ce, ana fama da tsadar hatsi, wa yake ta faifai? Gaskiya ne, ciki shi ne gaba. Amma ga misali daga ƙasarmu. Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na organ a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978, aka yi kaset kaɗan, aka manta. Kwafi guda da aka adana shi wani Ba'amurke ya tarar, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake buga shi a faifai a 2013, har Mamman Sani ya je Turai ya yi wasa da ransa. Da ba a ajiye ba, da babu wannan arziki. Haka kuma tun farkon shekarun 1960 kamfanin Ocora na Faransa ya buga kiɗan makaɗan Nijar a faifai, yana nan a ajiye a can da suna da bayani. Shin sai jikokinmu sun nemi biza kafin su ji muryar garinsu?

Wani kuma zai ce shi ba ruwansa da kiɗa. Muna girmama ra'ayinsa. Sai dai ba kiɗa kaɗai aka ɗauka a faifai ba, akwai karatun Alƙur'ani, kuma cikin waƙoƙin nan akwai sunayen sarakuna da garuruwa da fatake da Hausar da yaran yanzu ba su sani ba. Wanda ba ya son faifai a gidansa ya miƙa wa mai adanawa, ya fi a jefa a juji.

Sai maganar haƙƙi, wadda ɗan kasuwa ya fi kowa saninta. Kwafa domin ajiya da sauraren gida daban, buɗe shago ana sayar da gumin wani daban. Mawaƙan nan sun bar magada, kuma ƙasa tana da ofishin kare haƙƙin masu fasaha, wato BNDA. Wanda ya mai da abin sana'a ya bi ta wannan ƙofa, kada a ci amanar mamaci.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa da ƙungiyoyin mata masu adashi na Tasawa da Mayahi, har da na Korgom da Hawandawaki da Urafan da Sarkin Hausa da Cake, su haɗa hannu su sayi inji ɗaya mai kyau a kowace gunduma, a ajiye shi a gidan rediyon gari ko ofishin magajin gari. A buɗe littafi kamar na bashi: wanda ya kawo faifai a rubuta, a kwafa a gabansa, a mayar masa da kayansa tare da kati. Kafin nan, iyayenmu mata, ku da kuka san abin da yake cikin kowace adaka, ku duba yau. Wanda kuka samu ku tsayar da shi a tsaye cikin kwalinsa, nesa da rana da bangon kwano, kada a ɗora masa kaya, kada a rufe ƙwarya da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, saboda haka kada a gwada shi da tsohuwar allura.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a kasuwa, amin.