Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Sarakunan Fawa da Jama'ar Rundawa



Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma gare ku, iyayenmu Sarakunan Fawa, da dattawan mayanka, da samarin da ke riƙe da igiya da wuƙa, ina roƙon Allah Ya sanya albarka a kasuwarku, Ya tsare muku mutuncin sana'ar da kuka gada kaka da kakanni. Dalilin wannan takarda shi ne nasiha a kan haƙƙin dabbar da ke shiga hannunku da ranta, tun daga sa'ar da aka sauke ta daga mota har zuwa sa'ar da numfashinta ya yanke, domin a wannan ɗan tsakanin ne ake samun lada mai yawa, a cikinsa kuma ake kwasar alhakin da mutum bai san ya ɗauka ba.

Ku sani, Allah Ya gafarta muku, a ƙasashen Turai da Amurka akwai ƙungiyoyi masu ƙarfi da suka tsaya a kan kare dabbobi, waɗanda tarihinsu ya faro tun shekarar 1824 da aka kafa ta farko mai ɗorewa a birnin Landan, kuma a yau maganarsu ta iso har bakin wuƙar Musulmi. Hujjarsu ita ce, yanka dabba tana cikin hayyacinta azabtarwa ne, sai an fara sumar da ita da lantarki ko da ƙarfen da ke bugun goshi. A bisa wannan hujja ƙasar Denmak ta hana yanka ba tare da sumarwa ba a 2014, yankuna biyu na Beljiyam suka bi sahu a 2019, kuma da Musulmi da Yahudawa suka kai ƙara, kotun Tarayyar Turai a 2020 da kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai a 2024 duk suka bar dokar a tsaye.

Ba na kiranku ga ƙin waɗannan ƙungiyoyi baki ɗaya, ba na kuma kiranku ga miƙa musu wuya, sai dai ku auna kowace da ma'aunin adalci. Wadda ta ce cin nama kansa zalunci ne, mun saɓa da ita tun daga tushe, gama Wanda Ya halicci dabbobin ni'ima Shi ne Ya halatta mana su. Wadda ta ɗaga murya a kan yankan Musulmi, alhali ta yi gum a kan sukar bijimai a filayen wasa na Sifen, ko ɗura wa agwagi abinci da bututu a Faransa don hantarsu ta kumbura, to, wannan akwai abin da ke zuciyarta ban da tausayi. Amma wadda ta daidaita kowa a cikin zarginta, ta faɗi gaskiya ko da a kan mutanenta ne, ta zo da likita da kwamin ruwa maimakon ta ɗauki hoton talaka ta tozarta shi a duniya, wannan abokiyar aikin alheri ce. Shaida kuwa ita ce al'amarin jakuna: da fataucin fatunsu zuwa ƙasar Sin ya nemi ƙarar da su daga ƙauyukanmu, har Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da su a 2016, irin waɗannan ƙungiyoyi suna cikin waɗanda suka dage, har Tarayyar Afirka ta yanke shawarar hana yanka jaki don fatarsa a 2024.

Sai dai babbar amsar da za mu ba mai zarginmu tana cikin littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaurukansu, muddin aikinmu ya gaskata su. Hadisin da ya wajabta kyautatawa a cikin kowane abu, wanda Imamu Muslim ya ruwaito, Imamu Nawawi kuma ya sanya shi na 17 a cikin Arba'una, ya ambaci mai yanka musamman, ya umarce shi da wasa wuƙa da hutar da abin yankansa. Shaihu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 660 ta Hijira, ya jera haƙƙoƙin dabba a kan mai ita ƙarnuka kafin a san wata ƙungiya: ciyar da ita ko da ta tsufa ko ta yi ciwo, da barin ɗora mata abin da ba ta iyawa, da barin yanka ɗanta a kan idonta, da jinkirta fiɗa har rai ya gama fita. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma, Muhtasar na Shaihu Halilu ya karhanta fara fiɗa ko yankar wata gaɓa kafin mutuwa, ya kuma karhanta a kewaye rami ɗaya ana yanka, kuma daga dalilan da masu sharhi suka kawo akwai cewa dabbobin suna kallon juna.

To, yanzu mu dubi abin da ke gudana a yawancin mayankunmu. Tirela ta taso daga karar Potiskum ko Maigatari ko Mubi, shanu a cushe, an ɗaure ƙahoninsu a jikin ƙarfe, su yi kwana da kwanaki a hanyar Kudu ba ruwa ba ciyawa. In an iso, sau da yawa babu tudun saukewa, sai a jawo sa ya faɗo a kan gwiwoyinsa. In ya kasa tashi, wani yaro ya murɗe masa wutsiya har ta karye, wani ya zuba masa barkono a ido, in kuwa ya yi gardama, a tsinke masa agara ya zube, sa'an nan a ja shi bisa siminti ta cikin jinin 'yan'uwansa, yana huci yana zare ido, mai yanka kuwa a gabansa yake goga wuƙa. Wanda ya ambaci sunan Allah a ƙarshen wannan aiki ya sami nama halal, amma alhakin abin da ya gabata yana nan a rubuce, kuma wanda ya ga wannan da idonsa ba zai saurari hadisin da muka karanta masa ba.

Ga kuma hasara tun a nan duniya, wadda ku kuka fi kowa saninta. Dabbar da ta galabaita da yunwa da firgita, ƙarfin da ke ajiye a tsokarta yakan ƙone kafin yanka, sai naman ya fito baƙi-baƙi, ya yi saurin lalacewa a kan tebur. Duk inda sanda ta sauka jini ya taru, dole a yanke a yar. Ƙirgin da bulala da jan ƙasa suka yi wa tabo, majema ba su sayensa da daraja. Mafi ciwo duka, saniya mai ciki da ake yankawa don ba a tsaya an duba ba, a farke ta a tarar da maraƙi, an hallaka garken gobe saboda cinikin yau.

Saboda haka, ga abin da nake roƙonku da shi, kuma babu wanda ya fi ƙarfinku. Ku haɗa kuɗi ku gina tudun saukewa da kwamin ruwa a kowace mayanka, dabbar da ta sha tafiya a bar ta ta sha, ta huta, kafin a kusance ta. A wasa wuƙa tun da asuba, nesa da idonta, kuma a sa shamaki tsakanin wadda ake yankawa da masu jira. A kayar da ita da igiya bisa dabara irin ta magabata, ba da sara ba. Mai yanka ya zama gwani natsattse, wanda zai yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ɗage hannu ba, masu fiɗa kuma su dakata har motsi ya ɗauke. Macen da ake shakkar cikinta a kai ta gaban malamin dabbobi, in ta tabbata da ciki a mayar da ita kara.

Ranku ya daɗe, Sarakunan Fawa, wannan nauyi a wuyanku ya fi rataya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya shigo kwata bana, abin da ya ga manya suna yi shi zai ɗauka sana'a. In kuka kafa doka cewa wanda ya karya wutsiya ko ya tsinke agara za a ci shi tara a gaban jama'a, maganarku za ta yi aikin da dokar hukuma da ƙungiyar waje ba za su iya ba, kuma ranar da wani ya zo yana tuhumar yankan Musulunci, sai ku buɗe masa ƙofar mayanka ya shiga ya duba da kansa.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar bayinSa marasa baki, Ya yafe mana abin da ya wuce, Ya sa sana'arku ta zama hujja gare ku ranar hisabi.

Wassalam.

Naku mai ƙaunarku saboda Allah,
ɗaya daga cikin masu cin abin hannunku.